Yadda zaka gane ainihin shan man ƙaramar mota mai dizal in ka haɗa ta da babba

Duk mai ƙaramar mota mai dizal in kuka zauna zai ce maka "ai tawa bata shan mai, shinshinawa kawai take", kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ka tambaye shi lita nawa take sha a kilomita 100 kaga yadda zai yi tsuru-tsuru, abinda ya sani kawai shine in ya cika tanki yana daɗewa bai koma gidan mai ba. Shima mai babbar jif haka, zai ce maka ai tashi dizal ce dan haka shan ta da sauƙi. Duk su biyun da ka suke magana. In kana son sanin wacce zata fisshe ka sai ka auna da kanka, kuma awon ba wani abu bane mai wahala, biro da 'yar takarda ko wayarka sun isa.

Ka fara da cika tanki. Kaje gidan mai ka tsaida motar a waje mai daidai, ba gangare ba, a zuba har bakin famfon ya katse da kansa. Anan akwai abinda mutane basa lura dashi, dizal yana kumfa sosai in ana zuba shi, kumfar nan tana taso wa wuyan tankin sai famfon ya ɗauka an cika ya katse alhali da saura, toh ka bari kamar rabin minti kumfar ta kwanta a sake matsawa sau ɗaya, daga nan a tsaya. Kada ka bari ayi ta ɗura shi kaɗan-kaɗan har ya tumbatsa. Duk yadda kayi a wannan karon haka zaka maimaita a na gaba, in da hali ma famfo ɗaya. Sai ka danna ɗan maɓallin nan na dashbod mai ƙirga tafiya ya koma sifili, ko ka rubuta lambar kilomitar da motar take kai. Kayi harkokinka yadda ka saba, kada kace yau zaka lallaɓa ta saboda kana awo, kanka zaka yaudara. In man yayi ƙasa ka koma ka sake cikawa, litar da ta shiga a karo na biyun nan ita motar ta sha.

Lissafin kuma shine ka raba lita da kilomita ka ninka da 100. A ce ta ɗauki lita 38 bayan kayi kilomita 810, kaga 38 a raba da 810 a ninka da 100 ya baka kusan 4.7, wato lita 4.7 a duk kilomita 100. A ce jif ɗin abokinka ta ɗauki lita 72 a kilomita 760, ita kuma ta tashi a 9.5. Ninki biyu kenan da ɗan ɗoriya. Awo ɗaya baya wadatarwa, kayi na tanki uku ko huɗu ka haɗa litocin waje ɗaya da kilomitocin waje ɗaya sannan ka raba, dan wani satin gosulo ne ya cinye shi wani kuma doguwar tafiya ce. Ita kuwa lambar da kwamfutar motar take nuna maka a dashbod, ka ɗauke ta a matsayin hasashe, yawanci tana rage wa motar laifi.

Wasu sun fi son su ce kilomita nawa lita ɗaya take kai su, ba laifi, amma in kwatance zakayi tsakanin ƙaramar mota da babba wannan hanyar tana rufe ido. Duba nan. Mota tana yin kilomita 8 a lita ka gyara ta ta koma 10, a tafiyar kilomita 1,000 ka sauko daga lita 125 zuwa 100, ka tsira da lita 25. Wata kuma tana yin 20 ta koma 25, a ido kamar ita tafi samun cigaba tunda biyar aka ƙara mata, amma a kilomita 1,000 ɗin daga lita 50 ta sauko 40, lita 10 kacal. Shi yasa wanda ya bar ƙatuwar mota ya dawo matsakaiciya yafi ganin canji a aljihunsa akan wanda yake ta fafutukar barin ƙaramar mota ya koma wacce ta fita ƙanƙanta. In ka saba da lita a kilomita 100 wannan ruɗanin baya tasowa, lamba ce da zaka iya ɗebewa kai tsaye.

In kuma ka ci karo da lambar mpg a takardun motar ko a intanet, wato mil nawa a galan, ka tabbatar galan ɗin wace ƙasa ce, na Ingila lita 4.546 ne na Amurka kuma 3.785. Na Ingila ka raba 282.5 da lambar, na Amurka ka raba 235.2, amsar itace lita a kilomita 100. Motar da aka ce tana yin 60 a lissafin Ingila kusan 4.7 kenan, irin ta misalinmu na sama, ita ɗin dai a lissafin Amurka 50 zata nuna.

Toh meyasa ƙaramar dizal take shan kaɗan haka? Abu biyu ne suka haɗu kuma ya kamata ka raba su a kanka, akwai rabon dizal akwai rabon ƙanƙanta.

Rabon dizal ɗin, shi man kansa yafi fetur nauyi, lita ɗaya tana kai wajen giram 830 zuwa 840 shi kuma fetur wajen 740 zuwa 750, dan haka a cikin litar akwai ƙarfin da yafi na fetur da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari tun kafin ma inji ya taɓa shi. Sannan injin dizal bashi da fulogin da yake bada tartsatsi, iska yake matsewa har tayi zafin da in an fesa mai zai kama da kansa, dabarar da Rudolf Diesel ya fito da ita kenan har injinsa yayi aiki sosai a 1897. Matsin yana kaiwa ninki 15 zuwa 18 a motocin yanzu, na fetur galibi 9 zuwa 12, kuma iya matsi iya aikin da zaka tatsa daga ɗigon mai. Na ukun shine wanda nafi ganin mutane basu sani ba. Injin fetur in baka taka totur sosai ba akwai wani faifai da yake tare masa hanyar iska, yana jan numfashi da ƙyar kamar mai gudu an toshe masa hanci ɗaya, wannan wahalar ma mai take ci. Na dizal iskarsa a sake take shiga, yawan man da ake fesawa kawai ake ragewa ko a ƙara, shi yasa a tafiyar da ba'a matsa masa ba yake yiwa na fetur nisa. Ka haɗa duka ukun zaka samu mota mai dizal tana shan abinda ya gaza na 'yar uwarta mai fetur da kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar.

Amma wannan rabon ai babbar jif mai dizal ma tana dashi. Abinda ya raba 4.7 da 9.5 ba mai bane, jiki ne. Ƙaramar mota irin masu injin 1.5 dCi na Renault ko 1.6 HDi na Peugeot ko 1.3 Multijet na Fiat ko 1.6 TDI na Volkswagen nauyinta baya wuce kilo 1,100 zuwa 1,400, su kuwa irin su Hilux da Land Cruiser sun haura tan biyu tun babu kowa a ciki. Duk sanda ka tashi daga tsaye sai ka biya kuɗin motsa wannan nauyin, duk sanda ka taka birki kuma ka zubar da abinda ka biya, ya zama zafi a birki ya bi iska. A cikin gari inda ake tashi a tsaya nauyi ne sarki. A babban titi kuma iska ce, babbar mota gabanta faɗi ne da tsawo kuma a miƙe yake, ƙasanta a ɗage, tayoyinta manya masu kaushi, ga ƙarin giyoyi da sandunan da suke juya ƙafa huɗu wanda ko baka sa su aiki ba nauyinsu yana nan.

Ka san iya inda ƙanƙanta zata kai mutum? A 1999 Volkswagen sun fitar da Lupo 3L, inji mai silinda uku lita 1.2, sun rage mata nauyi ta ko'ina har da amfani da alminiyam da siraran tayoyi, a gwajin hukuma ta sha lita 3 a kilomita 100. Audi A2 ma anyi mata irin wannan. Basu wani karɓu a kasuwa ba dan tsadarsu tafi girmansu, amma sun nuna cewa abin yana yiwuwa tun shekaru sama da ashirin da suka wuce.

Tunda an ambaci gwajin hukuma, kada ka gina lissafinka akan lambar da kamfani ya buga. A Turai tsohon gwajin da ake kira NEDC a ɗaki ake yinsa akan na'ura, tafiya mai laushi, babu esi babu lodi babu hawan tudu, lambar da yake bayarwa kusan ba mai samunta a titi. Daga Satumban 2017 aka fara maye gurbinsa da WLTP wanda yafi kusa da gaskiya amma shima ba titi bane. In motar ta girmi 2017 ka ƙara wani abu mai kauri akan abinda aka rubuta. Ka kuma tuna badaƙalar Volkswagen ta Satumban 2015, inda hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa an saka wa motocin dizal manhajar da take gane ana gwaji sai ta rage hayaƙi mai guba, motoci wajen miliyan 11 a duniya abin ya shafa. Ita maganar hayaƙi ce ba ta shan mai kai tsaye ba, amma dai ni tun daga nan takardar kamfani bata cika cika min ido ba.

Yanzu ga inda lissafin yake juyawa, kuma nan ne masu ƙananan motoci basa son a je. Lita a kilomita 100 ta mota ce, kai kuma ba mota kake son kaiwa wani waje ba, mutane ne ko kaya. Dan haka ka sake rabawa da abinda aka ɗauka. Kai kaɗai a ƙaramar motarka lita 4.7 ɗin nan duk a kanka take. Jif mai kujera bakwai a cike, 9.5 ɗin a raba bakwai bai kai lita ɗaya da rabi ba ga kowane mutum, ko da lodin ya sa ta ƙara sha kaɗan. Mutum bakwai ɗin nan in ƙananan motoci zasu shiga sai biyu, kaga an dawo 9.4, ba'a tsira da komai ba sai ƙarin direba. Babbar bas ta doguwar tafiya tana iya shan lita 25 zuwa 35 amma da fasinja hamsin a ciki kowa ƙasa da lita ɗaya ya ci. Tirela mai tan 40 gaba ɗaya tana shan wajen lita 30 zuwa 35 tana jan kaya kusan tan 25, ka raba kaga duk tan ɗaya bai kai lita ɗaya da rabi ba, ƙaramar motarka da rabin tan ma ya mata yawa bata ko kusa. Toh tambayar da zaka yiwa kanka itace a cikin tafiya goma da kake yi, nawa ne motar take cike? In tara daga ciki kai ɗaya ne ko ku biyu, babbar mota asara ce tsagwaronta, gara ka riƙe ƙarama ranar da babbar buƙata ta taso ka ɗauki haya. In kuma kullum da lodi kake ko kana jan wani abu a baya ko hanyarka mara kwalta ce, kada ka wahal da ƙaramar, zaka danne ta har gindinta ya kusa taɓa ƙasa, kana ta zama a giya ta biyu da ta uku injin yana kuka, shan man ya haura, shokozoba da kuloci su tafi.

Wani wajen da ƙaramar dizal take bada kunya shine gajeriyar tafiya. Injin dizal saboda baya ɓarnar zafi da yawa yana daɗewa kafin ya ɗumama, kuma inji mai sanyi mai yake sha, baƙin mai yayi kauri komai yana juyawa da nauyi. In tafiyarka kilomita uku ce ko huɗu ka kashe, motar bata taɓa kaiwa zafin da take nuna bajintarta ba. Ga kuma matatar hayaƙi da ake kira DPF a cikin salansa, Peugeot 607 ce ta fara fitowa da ita a 2000, daga dokar taƙaita hayaƙi ta Turai mai suna Euro 5 ta 2009 kuma kusan duk dizal ɗin Turai da ita take zuwa. Aikinta tare baƙin toka, in ta cika sai kwamfutar motar ta ƙara fesa mai dan salansar tayi zafi wajen digiri 600 tokar ta ƙone, kuma hakan yana son tafiya mai ɗan tsawo ba tsayawa. Zaka gane tana cikin wannan aikin in kaga silo, wato juyin inji mota tana tsaye, ya ɗan ɗaga sama da yadda ka saba, fankar lagireto tana ta hurawa ko bayan ka kashe mota, wani wari mai zafi yana tasowa daga ƙasa, lambar shan mai a dashbod ta haura ba dalili. In ka lura da haka kada ka kashe, ka ɗan ƙara zagaye na minti goma zuwa sha biyar ta gama. Wanda kullum yake katse ta a tsakiya zai ga fitila ta kama, motar ta rage ƙarfi, wani lokacin ma dizal ɗin da bai ƙone ba ya gangara cikin baƙin mai har kaga gejin ya haura alama maimakon ya ragu. Irin waɗannan injinan kuma an yi su ne dan dizal mai ƙarancin sulfa, a Turai ƙa'idar kashi 10 ne cikin miliyan, in wanda kake samu ya wuce haka nesa matatar da nozul bazasu yi tsawon rai ba, ka bincika wannan tun kafin ka saya. Sababbin kuma masu Euro 6 da yawansu suna da wani ƙaramin tanki na AdBlue, wani ruwa da ake fesawa a salansa dan rage gubar hayaƙi, shima abin saye ne lokaci-lokaci ka saka shi a lissafi.

Bangaren tuƙi, ko wacce ka riƙe a cikinsu, gudu shine babban ɓarawo. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kansa, daga 100 zuwa 120 ka ƙara kashi 20 na gudu amma iskar da kake turawa ta ƙaru da kashi 44. Ka fidda tafin hannunka ta taga a 60 sannan ka sake a 110 zaka ji abinda gaban motar yake fama dashi. Babbar mota tafi jin wannan a lita, amma ƙaramar ma in ka kwantar da allura a 140 duk tinƙahon nan na 4.7 ya tafi. Giya kuma ka ringa canzawa da wuri, dizal ƙarfinsa a ƙasa yake, tsakanin juyi 1,500 zuwa 2,500 a minti nan yake jin daɗi, ba sai ka ja shi yana ihu kamar na fetur ba. Amma banda wuce gona da iri, in ka saka giya ta biyar a gudun da motar take karkarwa sitiyari yana rawa kana taka totur bata amsawa, ba tattali kake ba, toka kake tarawa kuma kana cin filawil. Sannan masu saka mota a firi a gangare wai dan su rage shan mai, a motocin zamani masu kwamfuta in kana cikin giya ka ɗage ƙafa daga totur gaba ɗaya ana yanke man ne ɗungurungum, tayoyi ne suke juya injin, a firi kuwa sai an bashi na silo, ga haɗarin da ka jefa kanka na rasa riƙon inji. Ka hango danja ko gosulo tun daga nesa ka ɗage ƙafa ta gangara da kanta.

Sauran ƙananan abubuwan kowa ya sansu sai dai ba'a yi. Iskar taya ka duba da safe kafin motar ta yi tafiya, adadin yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko murfin tanki, kuma akwai na lodi daban. Kariyar saman mota in ba aiki take ba ka kwance ta. But ɗin da ya zama sito ka kwashe. Barin mota a kunne kana jiran mutum, ƙaramar dizal tana cin wajen rabin lita zuwa lita ɗaya a awa tana tsaye, in da esi yafi haka, kuma sifilin kilomita ka samu. Shi esi ɗin a ƙaramin inji yafi nuna kansa akan babba, musamman a gosulo, amma a babban titi rufe gilas da kunna shi yafi ka zuge duka tagogi.

In ka auna kaga shan ya haura ba tare da ka canza komai ba, kafin ka yarda a kwance inji ka sa bakanike ya duba masu sauƙin, filtar iska, filtar mai da ruwan da yake taruwa a ƙasanta, birkin da yake kamawa, alaimen, sai bawul ɗin EGR, mai maida wani ɓangaren hayaƙi cikin inji, da toka take toshewa. Baƙin hayaƙi in ka taka yana nuna mai yayi yawa ko iska tayi kaɗan, sau tari wani tiyon tobo ne ya tsage ko nozul suna ɗiga maimakon feshi. Kuma kada ka yarda a cire maka tamostat wai dan kada mota tayi zafi, in aka cire injin zai zauna a sanyi kwamfuta tayi ta ƙara masa mai, ka sayi dizal dan tattali ka dawo kana shan na mai fetur.

Lissafin ƙarshe sai ka san kilomita nawa kake yi a shekara. Da misalinmu, bambancin ƙaramar da jif lita 4.8 ne a kilomita 100, mai yin kilomita 20,000 ya tsira da lita 960, mai yin 5,000 kuma 240. Amma ka ƙara mota ta uku a layin, ƙarama mai fetur da a ce tana shan 6.5. Tsakaninta da ƙaramar dizal lita 1.8 ne kawai, a kilomita 20,000 lita 360, a 5,000 kuwa lita 90 a shekara guda cur. Ka ninka kowanne da kuɗin litarsa a inda kake tunda ba farashinsu ɗaya ba, sannan ka tambayi bakanikenka nawa ne saitin nozul huɗu da famfon mai da tobo na wannan injin, ka ajiye kusa da kuɗin lita 90 ɗin. Mai doguwar tafiya a babban titi ƙaramar dizal zata biya shi har da riba, mai zirga-zirgar cikin gari ta kilomita 5,000 gyara ɗaya zai cinye masa tattalin shekaru.